Ƙulli a igiyar gado: shin daga nan sabon maganin sankara zai fito?

Malamin Kimiyya, Zango:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya bayan la'asar ina shirya wa ƴan ajin ƙarshe darasi a kan igiyar gado, DNA, wato abin da muka koya a lakwal da sunan ADN, sai na lura cewa shekara 14 ke nan hoto guda nake zanawa a allo: igiya mai sili biyu da aka tufka ta dama, kamar yadda Watson da Crick suka bayyana ta a Kambirij a 1953, bisa hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin. Hoton gaskiya ne, amma bai cika ba. Igiyar jere take da haruffa huɗu, A, T, G da C, kuma a inda harafin G ya jeru da yawa, sili guda yakan rabu da ɗan uwansa ya naɗe kansa, G huɗu su kama hannun juna su kwanta a shimfiɗe kamar faifai, sannan faifai biyu ko uku su hau kan juna. Wannan ƙulli shi ake kira G4.

Abin da ya sa na kawo zancen zauren nan shi ne, ƙullin ba ko'ina yake zama ba. Ya fi yawa a bakin igiyoyin gado, inda haruffan TTAGGG suke maimaituwa, da kuma a makunnin wasu ƙwayoyin gado da sankara ke dogara da su, irin su MYC da KRAS. Magungunan da muka sani, kamar cisplatin da doxorubicin, suna auka wa igiyar ne duk inda suka same ta, shi ya sa gashi ke zubewa, jini ya ragu. Masu bincike suna cewa idan aka ƙera maganin da ƙulli kaɗai yake ganewa, za a iya kashe makunnin sankara a bar sauran igiyar lafiya. Ina son likitocinmu da masu harhaɗa magani su gaya mana ko wannan zance yana da ƙafa.

Ɗalibar Likita, Jami'ar André Salifou:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin manya su yi magana, bari in ƙara abin da na karanta. An daɗe ana ganin G4 a matsayin wasan kwalba kawai, domin tun 1962 Gellert da abokan aikinsa suka nuna cewa G huɗu suna iya haɗuwa haka, amma babu wanda ya gan shi a cikin jikin ɗan Adam. A 2005 aka sa kwamfuta ta laluba haruffa biliyan 3 na igiyar gadonmu, aka ƙirga wurare kusan 376,000 da za su iya ƙulluwa. Sai a 2013 ƙungiyar Shankar Balasubramanian ta Kambirij ta ƙera wani furotin mai manne wa ƙullin, aka haska shi, aka gan shi ɗigo-ɗigo a cikin ƙwayoyin jikin mutum. Shekara guda bayan haka suka nuna cewa ya fi yawa a naman sankarar ciki da ta hanta fiye da lafiyayyen naman da ke kusa da ita. Sankarar hanta kuwa ba baƙuwa ba ce a nan, saboda ciwon hanta nau'in B da kuma gubar da ke fitowa a gyada da masara idan suka yi fumfuna a rumbu.

Mai Harhaɗa Magani, Sabon Gari:
Malam, zancen yana da ƙafa, amma ƙafar gurguwa ce har yanzu, kuma gara in faɗa tun da wuri kafin wani ya zo kantina gobe yana tambayar maganin ƙulli. Babu magani ko ɗaya irin wannan da wata hukumar magunguna ta amince a sayar, a Amurka ko a Turai ko a ko'ina. An fara neman sa tun 1997, lokacin da Stephen Neidle na Landan da Laurence Hurley na Amurka suka nuna cewa ƙaramin sinadari yana iya ɗaure ƙullin bakin igiya ya hana telomeras aiki, wato furotin ɗin da ke ƙara wa bakin igiya tsawo domin ƙwayar sankara ta ci gaba da rabuwa. Ku ƙirga shekarun da kanku.

Wanda ya fara kaiwa ga marasa lafiya shi ne quarfloxin. Ya kai mataki na biyu na gwaji, aka ajiye shi. Matsalar kuwa a fili take ga duk wanda ya duba siffar waɗannan sinadarai. Kusan dukkansu faffaɗa ne, a shimfiɗe, domin su zauna a kan faifan sama kamar murfi a kan tukunya. To faifan saman ƙullin MYC da na ƙullin da ke makunnin wata ƙwayar gado da zuciya ko ƙoda ke bukata, G huɗu ne duka. Ƙanwata ɗaliba ta ce wurare 376,000, kuma wani auno na 2015 ya kai adadin sama da 700,000. Murfin da ya dace da kowace tukunya a kasuwar Dole, yaya za a ce masa ya rufe guda ɗaya tak?

Ɗalibar Likita, Jami'ar André Salifou:
Yaya, da izininka, akwai gyara kaɗan. Sama da 700,000 ɗin an same su ne a DNA da aka ciro aka wanke, aka sa ta a yanayin da ya fi taimaka mata ta ƙullu. A cikin ƙwaya mai rai igiyar a naɗe take a jikin furotin, mafi yawan wuraren a rufe suke. Da aka auna a 2016 a ƙwayoyin fata da suka rasa birkin rabuwa, kimanin 10,000 aka samu, a lafiyayyun ƙwayoyin fata kuma kusan 1,500, kuma mafi yawansu suna makunnin ƙwayoyin gado da ke aiki tuƙuru. Ina ganin wannan tazarar ita ce masu bincike suke rataya fatarsu a kai.

Mai Harhaɗa Magani, Sabon Gari:
Na karɓi gyaran. Amma ko 1,500 ɗin ma ba kaɗan ba ne ga lafiyayyen jiki.

Baba Baduku, Birni:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ne yake rubuta mini abin da nake faɗa. Na yi shekara fiye da 50 ina aikin fata da igiya, kuma na san cewa ƙulli a tsakiyar igiya ba ya zuwa sai igiyar ta saki. Idan tufka ta yi ƙarfi, babu inda sili zai samu ya lanƙwashe. To me ke sa wannan igiyar taku ta saki? Sannan na ji Malam a wani zama yana cewa gishirin fotasiyom ne yake riƙe ƙullin. Ashe ke nan kanwar da matanmu ke sawa a miya da kunu tana iya zama magani, ko kuma ita ce cutar?

Malamin Kimiyya, Zango:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ta farko ta fi duk bayanin da na yi. Igiyar tana saki ne a lokaci biyu: lokacin da ake karanta ƙwayar gado domin a yi furotin, da lokacin da ake kwafar igiyar gaba ɗaya domin ƙwaya ta rabu biyu. A duka biyun dole a warware tufkar, kuma sili da ya zauna shi kaɗai shi ne yake ƙulluwa. Sankara kuwa ba ta da aiki sai waɗannan biyun, dare da rana, shi ya sa ƙulli ya fi yawa a cikinta. Jiki yana da nasa ma'aikatan kwance ƙulli, irin su BLM da WRN da FANCJ, waɗanda ke bin igiyar suna warwarewa kafin mai kwafa ya iso, tufka da warwara ke nan a zahiri. Mutanen da aka haifa da lalataccen BLM suna kamuwa da sankara iri-iri tun suna ƙanana. Aikin maganin da ake nema shi ne ya danne ƙullin ya hana a kwance shi, mai kwafa ya zo ya yi karo da shi, igiyar ta tsinke, ƙwayar ta mutu.

Batun kanwa kuma, a'a Baba. Gaskiya ne fotasiyom yana zama a tsakanin faifan yana riƙe su, amma kanwar da ake kawowa daga Manga yawancinta gishirin sodiyom ce. Ko da ma fotasiyom ce zalla, cikin kowace ƙwayar jiki cike yake da shi tun asali, kuma ƙoda ce take daidaita shi. Wanda ya ɗura wa kansa fotasiyom da yawa zuciyarsa zai rikita, ƙullin ba zai san an yi ba.

Likitan Yara, Damagaram:
Na jinkirta shiga domin ina kwanan aiki. Ni MYC ne ya tsayar da ni a bayanin Malam, saboda wannan suna ba na ƙasashen nesa ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara ya taɓa ganin yaro ɗan shekara 6 ko 7 da muƙamuƙi ko ciki ya kumbura cikin makonni kaɗan, iyaye suna zaton haƙori ne ko sammu. Sankarar Burkitt ke nan, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, kuma tana bin inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tare da ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a cikinta a 1964. Abin da ke faruwa shi ne igiyar gado ta 8 ta tsinke, guntun da ke ɗauke da MYC ya je ya manne, galibi a igiya ta 14, kusa da wurin da ba ya hutawa wajen yin furotin na garkuwar jiki. Daga nan MYC ba ya sake mutuwa. Ƙarin yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Furotin ɗin MYC ba shi da wani rami ko lungu da ƙaramin magani zai shiga ya toshe, shi ya sa aka shafe shekaru ana kasa kama shi. A 2002 ƙungiyar Hurley ta ce tunda an kasa kama ɓarawon, a rufe ƙofar da yake fitowa: suka nuna cewa akwai G4 a makunnin MYC, kuma idan aka danne shi da sinadarin TMPyP4 aikin MYC yana raguwa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka tabbatar. Sun ɗauki ƙwayoyin Burkitt iri biyu da ake renonsu a ɗakin bincike, Ramos da CA46. A Ramos tsinkewar ta bar wurin ƙullin tare da MYC, a CA46 kuwa ta yanke shi ta bar shi baya. Sinadarin ya rage MYC a na farko, bai yi wani tasiri a na biyu ba.

Ga inda abin ya shafe mu. A Burkitt irin ta Turai da Amurka tsinkewar takan faru daf da MYC ko a cikin farkonsa, a irin ta yaranmu na Afirka kuwa takan faru can nesa kafin a iso shi, makunnin ya tafi tare da shi cikakke. A bisa hankali, ke nan ƙarin yaranmu ya fi kama da Ramos. Wannan lissafi ne nawa, ba sakamakon gwaji a kan yara ba, amma lissafi ne da ya isa ya sa in riƙa bin labarin.

Mai Harhaɗa Magani, Sabon Gari:
Likita, lissafin ya zauna, amma TMPyP4 kansa misali ne na abin da nake kuka da shi, domin yana manne wa igiya mai sili biyu kusan kamar yadda yake manne wa ƙulli. Kuma Burkitt tana jin tsofaffin magunguna irin su cyclophosphamide da methotrexate, waɗanda Burkitt da kansa ya yi aiki da su, a ƙasashe masu hali mafi yawan yaran suna warkewa.

Likitan Yara, Damagaram:
Haka ne, kuma ban ce a jira sabo a bar tsoho ba. Amma warkewar da ake samu can tana zuwa ne da shimiyo, wato magungunan kashe sankara, mai zafin gaske, wanda ke bukatar jini a ajiye, da maganin ƙwayoyin cuta masu ƙarfi, da yaron da ba ya fama da tamowa. Yaron da ya zo mana daga Tanut ko Magariya da jikinsa a rame, idan aka ba shi wannan adadin, maganin ne zai riga ciwon. Dole muke rage ƙarfi, warkewa ta ragu da shi. Magani mai kama wuri guda ba tare da ya rushe ɓargo ba, mu ne muka fi kowa bukatarsa.

Hajiya, Garin Malam:
Ina gaishe da Likita da Malam. Ni mahaifiyata da yayata duk sankarar nono ce ta ɗauke su, yayata ba ta kai 45 ba. Mun yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, kusan kilomita 900, bayan an buɗe sashen gasa ƙari da haske na cibiyar yaƙi da sankara a 2021, amma ciwon ya riga ya yi nisa kafin mu kai ta. An gaya mini irin wannan yana bin jini. Shin wannan magana ta ƙulli tana da alaƙa da irin namu, ko ta yara ce kawai?

Likitan Yara, Damagaram:
Hajiya, Allah ya jiƙan su, ya sa sun huta. Tana da alaƙa, kuma a nan ne ma binciken ya fi nisa. Akwai ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aikinsu ɗinke igiya ne idan ta tsinke gida biyu. Wasu iyalai suna gadon ɗaya a lalace, kuma sankarar nono da ta ƙwan mace takan yi yawa a cikinsu tun da ƙuruciya. Ƙwayar sankarar irin wannan ba ta da maɗinki. Idan aka ba ta maganin da ke danne ƙulli, igiyarta ta tsinke a wurare da yawa, ba mai gyara mata, lafiyayyar ƙwaya kuwa tana da sauran kwafi guda mai aiki, sai ta ɗinke ta wuce. A 2017 masu bincike a Kanada suka nuna cewa CX-5461, wanda yanzu ake kira pidnarulex, yana kashe irin waɗannan ƙwayoyi, har da wasu da suka daina jin olaparib, maganin da aka amince da shi tun 2014 domin masu lalataccen BRCA. A gwajin mataki na ɗaya da aka yi a Kanada, ƴan kaɗan da ƙarinsu ya ragu galibi masu irin wannan lalacewa ne, kuma a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta sa shi a layin gaggawa na dubawa.

Amma ke kanki, Hajiya, ba wannan ne abin yinki yanzu ba. Mutuwar uwa da ƴa ba ta tabbatar da cewa gado ne, sai an gwada jini. Abin da ke hannunki shi ne ki je a duba ki a kai a kai, ke da ƴaƴanki mata da suka girma, kuma ki gaya wa likitan tarihin gidanku da shekarun da kowacce ta kamu. Ki same ni ta saƙon sirri in kwatanta miki inda za ki fara.

Mai Harhaɗa Magani, Sabon Gari:
Hajiya, ina miki ta'aziyya. Likita, tunda ka kawo CX-5461, dole in ƙarasa labarinsa. Da farko an gabatar da shi a matsayin mai hana ƙera injinan furotin na cikin ƙwaya. A 2017 aka ce mai danne ƙulli ne. A 2020 wasu suka nuna cewa babban abin da yake yi shi ne guba ga topoisomeras na biyu, furotin mai warware igiya idan ta sarƙe, wato hanyar da doxorubicin da etoposide suke bi, tsofaffin da muke cewa za a guje wa. Sannan a ƙarshen 2023 ƙungiyar Serena Nik-Zainal ta Kambirij ta nuna cewa yana cusa canje-canje masu yawan gaske a igiyar gadon ƙwayoyin mutum da ake reno a kwalba, har da masu lafiyayyen BRCA, fiye da wasu sanannun abubuwa masu jawo sankara. Ga mai ciwon da ya ƙi jin komai, wataƙila wannan ciniki ne da za a iya yi. Ga yaro ɗan shekara 7 da muke fata ya kai 70, magana ce daban.

Akwai kuma abin da na tabbata mu za mu fi kowa jin sa. Babbar illar da aka gani a gwajin ita ce fata da ido su kasa jure hasken rana, har aka riƙa umartar marasa lafiya su rufe jiki su guji fita. Wannan a Kanada ke nan. Ku kwatanta da manomi ko mai tallan ruwa a Damagaram a watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40.

Ɗalibar Likita, Jami'ar André Salifou:
Wannan batu na rana bai taɓa zo mini ba, kuma dalilinsa a siffar maganin yake: zobba masu faɗi da ke ba shi damar kwanciya a kan faifan su ne suke shan haske. Ina ganin shi ya sa sababbin sinadarai ake ƙera su da hannuwa da ke kama madaukai da kwaruruwan gefen ƙullin, domin a nan ne ƙullin MYC ya bambanta da na KRAS ko na bakin igiya, faifan saman kuwa iri ɗaya ne. Akwai QN-302 da ya fito daga ɗakin binciken Neidle, wanda aka fara gwadawa a kan marasa lafiya a Amurka a 2023, ana sa ran sa a kan sankarar pancréas, wato gaɓar cikin ciki da ke fitar da insulin, inda KRAS ke lalace a sama da kashi 90 cikin 100.

Kuma G4 ba shi kaɗai ba ne. Silin da ke fuskantar G ai cike yake da C, shi ma yana naɗewa ya ba da i-motif, wanda aka bayyana a Faransa a 1993, aka ce sai a ruwa mai tsami yake samuwa, har sai da masu bincike a Sidini ta Ostireliya suka gan shi a cikin ƙwayoyin mutum a 2018. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Z-DNA, tufkar hagu, da Alexander Rich ya gano a 1979. Jiki yana da wani mai gadi, ZBP1, da ke ɗaukar tufkar hagu a matsayin alamar cewa ƙwayar cuta ta shigo, sai ya fasa ƙwayar da ƙara domin garkuwar jiki ta ji ta zo. A 2022 aka nuna a jikin ɓeraye cewa sinadarin CBL0137 yana juya igiya ta koma hagu, ya tayar da wannan mai gadi, ƙarin da ya ƙi jin maganin garkuwa ya koma yana ji. A nan ba a kashe makunni ake ba, ƙararrawa ake kaɗawa.

Mai Harhaɗa Magani, Sabon Gari:
A jikin ɓeraye, ƙanwata. Quarfloxin ma ya yi kyau a ɓeraye. Ni abin da zan duba idan sakamakon QN-302 ya fito abu uku ne: ko an ciri naman ƙarin an nuna cewa ƙwayoyin gado masu ƙulli ne suka yi sanyi ba wasu ba, da abin da ya yi wa fata da ɓargo, da ko an auna canje-canjen da ya bari a lafiyayyun ƙwayoyi kamar yadda aka yi wa CX-5461.

Baba Baduku, Birni:
Jikana ya karanta mini duka, na gode da amsar kanwa, zan gaya wa tsohuwa. Malam, tufkar hagu ba sabon abu ba ce a wurinmu, bahago haka yake tufka, kuma igiyarsa idan ka haɗa ta da ta dama a wurin haɗin take yin rauni. Ko naku ma haka ne?

Malamin Kimiyya, Zango:
Haka ne, Baba. An ga siffar wurin haɗin a 2005, kuma a daidai inda hagu ta gamu da dama haruffa biyu da ke riƙe da juna suna rabuwa su fita waje. Ina roƙon alfarma: ranar Alhamis idan ka fito kasuwa, ka taho mini da igiyar kaba guda biyu, ta dama da ta hagu, da sili guda mai tsawo wanda zan iya naɗewa sau huɗu. Darasin yaran ranar Juma'a ne da safe, ƙarfe 8.